Rigar Sojan Maroko a Hannun Alhaji Ɗantani

Duk wanda ya taɓa yin sallah a gefen Alhaji Ɗantani ya san halinsa. Kana zaune kana tahiya sai ka ji an kamo gefen rigarka ana murza shi tsakanin yatsu biyu. Ana sallamewa, tun ba ka shafa addu'a ba, zai karkato ya ce, "Malam, wannan yadin a ina ka samo shi?" Mu mazauna unguwar Dera ta Dubai mun saba, har mun daina jin haushi. Sau uku yake zuwa Dubai a shekara daga Kantin Kwari, kuma ba ya rabuwa da wani ɗan almakashi mai naɗewa a aljihun gaba. In ya ga yadin da ya kwanta masa ba ya ɓata lokaci wajen yabo. Ƙyalle yake yanka ya aika masaƙa, kafin mai yadin ya farga kayan sun cika Kano. Labulen ɗakin da yake sauka a wani ƙaramin otal a unguwar Al Buteen har gobe da giɓi a gindinsa, masu otal ɗin suna ta zargin ɓera.

Bana da zafinsa ya sauka. Bara wani maƙwabcin shagonsa ya riga shi fito da wata jallabiya mai aljihu a ƙirji, ta yi kasuwa har limamai suka hau Idi da ita, kuma tun daga lokacin abinci bai ƙara yi wa Alhaji daɗi ba. Saura 'yan watanni azumi. Yana neman sabon yayi, abin da idon Kano bai taɓa gani ba.

Mai haɗa masa kaya zuwa gida shi ne Hamissou, ɗan Maraɗi, mai wani ofis a unguwar Port Saeed, nan cikin Dubai, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita. Tarihi ya karanta a jami'a a Yamai, ya ƙare da manna salatif a jikin kwali. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, sai dai yana da ciwo guda: bakinsa bai iya ce wa mai babbar riga a'a ba.

A duk Dubai Hamissou yana da amini ɗaya, Lahcen, wani ɗan Maroko mai shagon man argan da baƙin sabulu a lungun Al Buteen. Lokacin da Hamissou ya zo garin ba aiki ba wurin kwana, bayan kwalayen sabulun Lahcen ya shimfiɗa tabarma wata da watanni, a kwano ɗaya suke ci. Da Faransanci suke hira. Amma Lahcen ya tsinci Hausa a bakin Hajiyoyin da ke sayen sabulu, shi ya sa in ya yi tuntuɓe sai ka ji ƙaton mutum da gemu ya ce, "Wayyo ni 'yasu!"

A bangon shagon nan, cikin akwatin gilashi, akwai wata tsohuwar jallabiya ta ulu mai hula, da zane-zane a tsaye, ruwan ƙasa da baƙi da toka. Ta kakan Lahcen ce. Duk wanda ya shiga shagon sai ya sha labarinta, ko ya tambaya ko bai tambaya ba, kuma yawan Jamusawan da kakan ya kashe yana hawa ne daidai da yawan sabulun da Hajiya ta saya.

In ka cire gishirin Lahcen, ga abin da ya rage. Lokacin da Faransa ke riƙe da Maroko, ta riƙa bin ƙauyukan kan duwatsu tana ɗibar samari makiyaya tana mai da su soja. Gumiye ake ce musu. Irin wannan jallabiyar suke ɗorawa a kan kayansu, su ja alfadarai. Da yaƙin Hitila ya yi tsanani aka loda su a jirgin ruwa zuwa Italiya, duk dutsen da motar Bature ta ce ba za ta hau ba sai a ce su su hau. Kakan Lahcen, Moha, yana cikinsu. A can harsashi ya shige shi ta haƙarƙarin dama, ya bar huji a rigar, aka ɗinke hujin da wani zare mai kauri, ga tabon jini ya bushe a kewayensa. Moha ya koma gida da tari, da lambar yabo ta gwangwani, da fanshon da ko dusar alfadari ba zai saya ba. Akwai kuma abin da mutanen ƙauyukan Italiya ke faɗa a kan ɓarnar da wasu daga cikin sojojin suka yi musu, amma wannan Lahcen ba ya sa shi a talla.

Mahaifin Lahcen, Si Brahim, shi ya ba shi rigar ranar da zai baro gida, don neman albarka, da sharaɗin ya riƙe ta kamar idonsa. Kuma tsohon ya aiko cewa zai biyo ta Dubai gab da azumi a hanyarsa ta zuwa Umara, yana so ya ga shagon ɗansa, ya kuma ga rigar mahaifinsa.

Ƙaddara ce ta kai Alhaji shagon. Uwargida ta yi masa sautun sabulu, Hamissou ya raka shi. Ko sabulun bai duba ba. Ya tsaya a gaban gilashin, yatsunsa biyu suna murza iska.

"Hamisu," in ji shi, don bai taɓa yarda da yadda 'yan Nijar ke rubuta sunan ba, "wannan fa?"

"Alhaji, wagga ba ta saidawa ba ce. Ta kakanai ce, da ita ya yi yaƙi."

"Wa ya ce saye zan yi? Samfur nake so. Kalli zanen nan! Wallahi in wannan ta shiga Kwari, mai aljihu a ƙirji sai dai ya koma sai da ƙwai."

Lahcen ya ji sarai. Ya ɗaga hannu biyu. "La, la, Alhaji. Wannan kakana ne. Babu sayarwa, babu aro. Khalas, shi ke nan."

Alhaji Ɗantani bai yi shekara talatin a kasuwa a banza ba. Bai ƙara maganar aro ba. Ya nemi kujera ya zauna, ya ce a ba shi labarin kakan tun daga farko. Ya saurara yana girgiza kai yana salati, Jamusawa suka yi ta faɗuwa har suka fi na kowace Hajiya. Da aka gama ya share idon da babu komai a cikinsa, ya ce abin kunya ne a ce jarumi irin wannan duniya ba ta san shi ba. Shi zai sa a san shi. Sunan Moha zai hau wuyan kowace riga, daga Kano har Agadas.

Na ga Lahcen ya fara laushi, don babu mai son a san kakansa kamarsa. Amma ya dake, ya juya ga amininsa ya tambaye shi da Faransanci ko mutumin nan abin yarda ne.

A nan ne ya kamata Hamissou ya tuna da labulen otal. Ya tuna kuwa, don shi da kansa ya gaya min daga baya. Amma ya dubi babbar rigar Alhaji, ya tuna rabin kwalayen da ke ofishinsa sunan wa ke jikinsu, sai ya ɗora hannu a ƙirji.

"Mon frère, ɗan'uwana, amana ce a wuyana. Hoto kawai za a ɗauka, a auna ta, a maido. Ko zare guda ba ya ɓata. In ta ɓata, kada ka sake kallon fuskata."

Lahcen ya buɗe gilashin da hannunsa, ya naɗe rigar cikin farin ƙyalle, ya sumbace ta, ya miƙa wa Hamissou. Hamissou ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya cusa ta a ledar sabulu.

Kwana biyu shiru. Hamissou ya kira waya, Alhaji ya ce tana wajen tela a Bur Dubai ana awo. Ya sake kira, aka ce awon bai ƙare ba. Da ya ga awon riga ɗaya na neman fin ginin gida daɗewa, sai ya hau kwalekwalen haya da ake kira abra ya haye ruwa, ya ratsa kasuwar yadi, ya hau benen da telan Alhaji yake, wani Ba'indiye da kowa ke kira Masta.

Ya tarar da Alhaji a can yana shan shayin karak. Ya kuma tarar da rigar, ko in ce abin da ya rage nata. Masta ya farke ɗinkinta gaba ɗaya don ya fitar da fatan, wato tsarin yankanta, kamar yadda ake yi wa kowane samfur tun da aka halicci samfur. Hular tana rataye a ƙusa. Hannu ɗaya yana kan tebur. Wani yanki kuma an ninke shi an ɗora butar shayi a kai, don kada ta ƙona teburin.

"Alhaji," in ji Hamissou, muryarsa ta koma ta yaro, "ina sauran?"

Alhaji ya fara lissafi da yatsu, cikin jin daɗi irin na wanda ya aurar da 'ya'yansa gidaje masu kyau. Bayan rigar ya tafi Santambul. Ɗaya hannun yana Surat a Indiya. Gaban kuma, mai hujin nan, ya tura shi Guanzu ta ƙasar Sin ta jirgin sama. Haka ake yi. Kowace masaƙa ka ba ta yanki, ka gaya mata ka ba wata ma, sai su yi ta karya wa juna farashi kana kallo. Wato rigar da ta je Italiya ta dawo da huji ɗaya, a mako guda a hannun Alhaji ta zaga ƙasashen da Moha bai taɓa jin sunansu ba.

Hamissou ya zauna a kan dilar yadi. "Alhaji, ka kashe ni. Hoto muka ce."

"To ai an ɗauki hoton. Amma hoto yana nuna kaurin zare? Haba Hamisu, kamar ba ɗan boko ba." Ya kurɓi shayi. "Kuma me ka ɗauki abin? Tsumma ne fa. Wallahi warin akuya take yi, sai da Masta ya fesa turare. Ka kwantar da hankalinka, in kaya suka iso zan ba shi goma sababbi fil, a leda. Wa aka taɓa ba shi goma a kan ɗaya ya yi kuka?"

Abin da ya fi ba ni haushi da Alhaji shi ne ba mugunta yake yi ba. Har cikin zuciyarsa ya yi imani alheri ya shirya wa Lahcen. A duniyarsa babu tsohon abin da ya fi sabo, in ban da kuɗi da zuma.

Hamissou ya tattara hular da hannun da matashin butar shayi, ya koma Al Buteen. A kan abra ya yi ta kallon ruwa yana auna zurfinsa. Na ji tausayinsa ƙwarai, ko da yake tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Abin da ya faru a shagon maƙwabta duka sun ji. Lahcen ya yi zagi da Larabci, ya yi da Faransanci, ya yi da yaren duwatsunsu, da suka ƙare ya ɗora hannu a ka ya yi kururuwa da Hausar Hajiyoyi. Ya jefi Hamissou da sabulu. Sannan ya zauna a ƙasa ya yi kuka na gaske, irin wanda ba na talla ba, yana riƙe da hular kakansa. Da kukan ya lafa, abin da ya fito daga bakinsa ba maganar kakan ba ce.

"Babana," ya ce. "Me zan ce wa babana?"

A nan Hamissou ya kawo shawarar da Alhaji ya raɗa masa a kan matakala. Samfurin Guanzu zai iso kafin tsohon. A ɗauki ɗaya a tsufar da ita, a mai da ita cikin gilashi, a ɗaga akwatin can sama kusa da rufi, a rage wutar shagon. Tsoho ne, kwana kaɗan zai yi ya wuce Makka. Lahcen ya ce har abada ba zai yaudari mahaifinsa ba. Ya maimaita sau uku. Daga nan ya tambaya ko da me ake tsufar da riga.

"In babana ya tafi bai gane ba," ya ce wa Hamissou, "wataƙila in iya kallonka. Wataƙila."

Alhaji ya koma Kano ya dawo, kwalayen farko suka sauka. Mutanen Guanzu ba sa tambaya, abin da ka ba su shi za su ba ka. Sun kwaikwayi zanen tsaf. Sun kuma kwaikwayi hujin. A haƙarƙarin dama na kowace riga injin ya yi wani dunƙulen ɗinki mai kauri, an buga masa tabo ruwan ƙasa a kewaye. A wuya kuma an rubuta da zaren gwal, "Moha Gold, Original Morocco." Yadin roba ne zalla, irin wanda in ka tsaya kusa da mai shayi sai ka yi hattara.

Da farko Alhaji ya yi tsalle zai kira Guanzu ya ci mutuncinsu, wa ya ce su saka masa datti a kaya. Sai ya ɗaga rigar ya ƙare mata kallo, ya karkata kai.

"Kai, bar shi," ya ce. "Wannan ai shi ne logo. Duk wadda ba ta da shi jabu ce."

Hamissou ya kai ɗaya gida. Ya cire rubutun wuyan, ya jiƙa ta a ruwan shayi, ya shanya, ya goge ta da bulo, ya turara ta da hayaƙin gawayi, ya shimfiɗa a ƙofar ofis masu dako suka yi ta takawa. Wahalar da rigar nan ta sha a Port Saeed ta kusa kai wadda ta asalin ta sha a Italiya. Aka sa ta a gilashi aka ɗaga sama. Sannan Hamissou ya je ya durƙusa wa Alhaji, a zahiri, gwiwa biyu a ƙasa, ya roƙe shi kada riga ko ɗaya ta fita daga kwali sai tsohon ya bar gari.

"Insha Allahu," in ji Alhaji.

Duk wanda ya yi mu'amala da 'yan kasuwa ya san insha Allahu iri biyu ce. Hamissou ma ya sani. Ya dai zaɓi ya ji wadda yake so.

Si Brahim ya iso. Ɗan siririn tsoho ne mai farin gemu da sanda, ba ya yawan magana. Ya shiga shagon ya duba kwalaben mai, ya yaba, ya ɗaga kai ya hangi akwatin can sama cikin duhu-duhu. Ya tambayi dalilin da aka kai ta can. Lahcen ya ce saboda hannun mutane. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce an kyauta. Ya daɗe a tsaye yana kallonta, leɓensa na motsi, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya kamo kan ɗansa ya sumbaci goshinsa ya sa masa albarka don ya riƙe amana. Ya juya ga Hamissou, wanda ya sha jin labarinsa a waya, ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya kira shi ɗansa. Hamissou ya ce min da ƙasa ta tsage a lokacin da ya gode mata. Amma dai an tsallake. Shi da Lahcen har suka haɗa ido, karon farko tun ranar sabulu.

Saura Juma'a ɗaya tsohon ya wuce. Matsalar ita ce, Juma'ar nan ita ce ta ƙarshe kafin azumi, lokacin da duk wani ɗan kasuwar Arewa mai ji da kansa yake Dera yana haɗa kayan Sallah. A wurin Alhaji, a bar irin wannan taro ya watse ba a nuna kaya ba daidai yake da a bar tuwo ya huce. Tun ranar Alhamis ya buɗe kwali yana bin otal-otal da gidajen abinci yana raba riguna kyauta, da sharaɗin a sa a je masallaci. Bahaushe da kyauta kuwa, ko likkafani ne sai ya gwada. Ni ma an ba ni, Allah ya taimake ni ta ƙi shiga cikina.

Lahcen da Hamissou suka sako tsohon a tsakiya suka tafi masallaci da wuri, suka samu sahun gaba, don haka ba su ga abin da ke taruwa a bayansu ba. Sai da aka idar, suka fito harabar cikin rana tsaka.

Ina wurin. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ko'ina ka duba zane ne ruwan ƙasa da baƙi da toka. Masu tumbi, masu tsawo, masu neman takalmi, masu waya a kunne suna faɗa da Kano, kowa da hularsa a rataye a baya, kowa da harbinsa a haƙarƙarin dama. Runduna guda, an harbe su duka a wuri ɗaya, suna ta gumi cikin roba suna gaisawa. A gabansu ga Alhaji Ɗantani, tasa har da aiki a wuya, yana raba katin shagonsa.

Si Brahim ya tsaya cak. Lahcen ya ja hannunsa yana cewa su bi ta ɗaya ƙofar, tsohon ya zame hannun. Ya tako a hankali da sandarsa har gaban Alhaji. Alhaji ya washe baki ya buɗe hannuwa don a ga kayan da kyau.

Tsohon ya miƙa yatsa ya ɗora a kan dunƙulen ɗinkin. Ya danna. Ya kai ɗaya hannun ta ciki ya shafa bayan wurin, ya ji yadi lafiyayye sumul, babu abin da ya taɓa ratsa shi. Ya juya ya dubi na kusa, da na bayansa. Sannan ya dubi ɗansa.

"Ta cikin gilashin ma irin wannan ce?" ya tambaya da Faransanci, a hankali.

Lahcen ya sunkuyar da kai.

"Ta mahaifina fa?"

Alhaji ya zunguri Hamissou yana tambayar me ake cewa, ko tsohon yana son sari ne.

Mun zaci zai yi faɗa, har wasu sun fara matsowa da waya. Bai yi ba. Ya mai da yatsansa kan ɗinkin, ya yi magana da Hamissou kamar mai ba jikansa labari.

"Ka san wa ya ɗinke wannan? Ba mahaifina ba ne, bai iya riƙe allura ba. Da aka harbe shi aka bar shi a gindin dutse, wani baƙin soja ne ya goyo shi ya sauko da shi. Naku ne. Faransawa suna ce musu 'yan Sanagal dukansu, amma shi ya ce ba can ne garinsu ba, garinsu yana bakin hamada. Ya zare zare daga bargonsa ya ɗinke masa rigar, don kada sanyi ya shiga ta hujin. Ko sunansa mahaifina bai riƙe ba. Amma har ya mutu yana gaya mana, in kuka rasa wanda za ku ba ajiya a baƙon wuri, ku nemi baƙin mutum. Ranar da ɗana ya ce min ya yi aboki ɗan Nijar, na ce to, yanzu zan yi barci."

Hamissou yana tsaye hawaye na zuba, bai ko share ba. Alhaji ya matsa masa sai ya fassara, mutane ma suka ce a fassara. Ya fassara, bai rage komai ba. Na ga wani dattijo ɗan Zariya ya sa hannu ya rufe haƙarƙarinsa.

Alhaji Ɗantani kuwa fuskarsa ta haskaka. Ya tafa hannu.

"Allahu Akbar! Kun ji ko? Ashe logon ma namu ne tun asali! Bahaushe ne ya yi shi! To wa zai ce mun kwaikwaya? Hamisu, gobe ka tura Guanzu, a ƙara a wuya, Hausa Original."

Tsohon ya dubi wannan fara'a, ya dubi Hamissou. "Me ya ce?"

Hamissou ya amsa, "Ya ce Allah ya jiƙan mahaifinka."

"Amin," in ji Si Brahim. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗan rusuna wa Alhaji, ya gode masa.

Sai Lahcen ya ɗago. Ba da Faransancin da suka saba ya yi magana ba, da Hausa ya yi, don kowa ya ji, kuma ranar babu wanda ya yi dariyar Hausarsa.

"Hamissou, ba haka ya ce ba." Ya kama hannun mahaifinsa. "Tabarmarka tana bayan kwali har yanzu. Ka aiko a ɗauka. Kada ka zo da kanka."

Suka ratsa ta tsakiyar masu rigunan, ana dare musu hanya, tsohon yana dogara sanda, bai waiwayo ba. Hamissou ya bi su da kallo har suka sha kwanar lungun.

Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, Larabawa haka suke da saurin fushi, goma ɗin da ya yi alkawari suna nan a ajiye. Ya ce gobe da sassafe a fara lodin kwantena. Har ya juya zai tafi sai ya dawo, ya rage murya.

"Kafin tsohon nan ya tashi, ka ɗan bincika min. Ko akwai sauran kayan mahaifin nasa a gida? Ko da wando ne."